Kalmar "sosai" da hoton siti na jijiyoyin huhu: me ya sa muke yawan sakewa?

Abban Sadiƙ:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya kwana biyu yana cina, na ga gara in kawo shi gabanku. Shekaranjiya aka kawo mana wata mai jego daga wajen Mai'aduwa, kwananta 12 da haihuwa, numfashi sama-sama, likitoci na zargin gudan jini ya tafi huhu. Muka kwantar da ita a na'urar siti, mai ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka, muka tura ruwan kwantiras, wato ruwan da ake turawa ta jijiya don hanyoyin jini su yi haske a hoto, na'ura ta ɗauka. Da hoto ya fito, jijiyar sama mai shiga zuciya ta cika fal da ruwa, awota, babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya zuwa jiki, ita ma tana ƙyalli, amma jijiyoyin huhun da aka zo dominsu sun fito toka-toka. Likita ya ce ba zai sa hannu ba, don ba zai iya cewa akwai gudan jini ba, ba zai iya cewa babu ba. Dole aka sake. Mijinta ya fita waje ya yi ta buga waya kafin ya haɗa kuɗin kwalba ta biyu. Ita kuma ƙirjinta ya sha radiyeshan, wato hasken da na'ura ke ratsa jiki da shi, sau biyu, ƙodarta ta tace ruwa sau biyu.

Da na koma gida na yi ta tuna abin da na faɗa mata kafin in danna: "Hajiya, ja numfashi sosai, ki riƙe." Abin da nake faɗa wa kowa ke nan shekara da shekaru. Zuciyata na ba ni wannan "sosai" ɗin ce ta ɓata hoton. Manyanmu da ke nan, ku duba mana. Idan ni ne, in gyara.

Sista Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ta lafiya, Ya raya abin da aka samu. Wace kanula, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya don tura ruwa, aka sa mata, kuma a ina?

Abban Sadiƙ:
Koriya ce Sista, lamba 18, a gwiwar hannun dama. Ni na gwada ta da ruwan gishiri kafin a fara, ta wuce lafiya lau.

Dakta Ummu Aisha:
Malam, zarginka na kan hanya. Yadda ka siffanta hoton ma ya isa shaida: ruwa a jijiyar sama, ruwa a awota, tsakiya kuma fayau. Ai ruwan da ya isa awota ta huhu ya bi, ka ga ba latti ya yi ba. Wanda ke jijiyar sama kuma yana nuna bai ƙare ba. Ayarin ne aka yanke a tsakiya.

Ga yadda abin yake. Ɓangaren dama na zuciya ƙofa biyu jini ke shigo masa. Ta sama tana kawo jinin kai da hannuwa, ta nan ruwanmu ke bi. Ta ƙasa tana kawo jinin ciki da ƙafafu, shi kuwa ko ɗigon kwantiras babu a cikinsa. Idan mutum ya ja dogon numfashi, ƙirji na zuƙo jini, tantanin da ya raba ƙirji da ciki kuma ya sauka ya matse ciki, sai jinin ƙasa ya kwararo da yawa lokaci guda. Kamar kana zuba baban rini a kwarya a hankali wani ya zo ya sheƙa bokitin ruwa. Na 'yan daƙiƙu ne kawai, sai dai su ne daidai daƙiƙun da na'urarka ke wucewa ta huhu. A jijiyar huhu muna son ma'aunin Hawunsfil, wato ma'aunin hasken abu a hoton siti, ya kai wajen 250, ko aƙalla ya haura 200, kafin mu iya rantsewa cewa babu gudan jini a rassa. Ƙasa da haka, gudan jini da jinin da bai sha ruwa sosai ba kusan launinsu ɗaya.

Akwai na biyu, wanda na fi gani wajen maza. Ka ce ya riƙe, sai ya toshe maƙogwaro ya yi yunƙuri kamar zai ɗaga buhun gero. Wannan kuma ƙirjin yake cikawa da matsi, ruwan ya tsaya a kafaɗa ya kasa shiga. Shi ya sa nake cewa a bar baki a ɗan buɗe. Wanda bakinsa ke buɗe yunƙuri na yi masa wuya.

Baba Ƙofar Sauri:
Ɗana Abban Sadiƙ, kada ka ɗora wa kanka duka. Mu muka koya muku "ja numfashi sosai", mu ma haka muka gada tun zamanin da muke wanke fim a ɗakin duhu. Kuma a hoton ƙirji na eksire daidai ne, don can so ake huhu ya buɗe har a ƙirga haƙarƙari. Ko a siti, in naman huhu ake son gani, daidai ne. Kuskuren shi ne ɗauko wannan magana a kai ta inda jijiya ake nema. Kiɗa ya sauya ba mu sauya rawa ba. Na yi ritaya ban san wannan bayani na Dakta ba, yau ina zaune a gida na ƙaru.

Abban Sadiƙ:
Allah Ya ƙara girma Baba. Ranki ya daɗe Dakta, to da Hausa me za mu riƙa cewa? Don in na ce "riƙe numfashi" kawai, da kansu suke ja kafin su riƙe.

Dakta Ummu Aisha:
Ni abin da nake cewa: "Ki yi numfashinki yadda kika saba. In kin ji na ce tsaya, ki tsaya a inda kike. Kada ki ja, kada ki yi nishi, ki bar bakinki a buɗe." Kuma ba a kan gado ake fara koya ba. Tun a kan benci ko keken mara lafiya za ka yi da ita sau biyu, sau uku, ka sa ido a kan cikinta ka ga ko da gaske ta tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Likitan Dare:
Ku yi haƙuri zan ɗan kawo cikas. Wannan duk ga mai iya tsayawa ne. Waɗanda nake turo muku da ƙarfe biyun dare mutum ne da ke numfashi sau 35 a minti ɗaya, yana kan oksijin, ko sunansa ba ya iya ƙarasawa. Shi ne za a zauna ana koya wa "tsaya"? Wani lokaci ina ganin ɗakin hoto na ɓata mana lokaci da shirye-shirye alhali mara lafiya na hannunmu yana tafiya.

Dakta Ummu Aisha:
Dakta, wanda ba zai iya ba kada a tilasta shi. Gara ya ci gaba da numfashi a hankali, marar zurfi, a ɗauka a haka, da a ce ya riƙe ya kasa a tsakiya ya saki da haki. Hoton mai numfashi a hankali yakan nuna manyan rassa, kuma wanda ya galabaita haka saboda gudan jini, gudan nasa galibi ba a ƙananan rassa yake ba. Sannan a bar masa oksijin ɗinsa, a taƙaita tsawon wurin da za a ɗauka, a fara daga ƙasan huhu a yi sama, don ƙasan ne ya fi motsi kuma nan gudan jini ya fi sauka. Na'ura mai ɗaukar yanka 16 a zagaye ɗaya tana iya cin daƙiƙa 10, mai yanka 64 kusan rabin haka, kowa ya san tasa.

Maganar lokaci kuwa, minti uku na koyarwa ne ko minti arba'in na neman kuɗin kwalba ta biyu? Sauri ya haifi nawa. Kuma in zarginka mai ƙarfi ne, babu abin da ke hana ka fara allurar tsinka jini tun kafin ya iso wurinmu, matuƙar ba ya cikin haɗarin zubar jini. Magani ba ya jiran hoto.

Likitan Dare:
Wannan na yarda, muna farawa. Amma zan dawo kan batun.

Sista Maman Hanifa:
Tunda na Abban Sadiƙ kanularsa lafiya, bari in faɗi wanda na fi gani da idona. Mara lafiya ya taho daga ɗakin kwanciya da shuɗiyar kanula, lamba 22, a bayan hannu, ta kwana uku ana ƙarin ruwa da ita. A ce da ita za a tura kwantiras mil 4 ko 5 a kowace daƙiƙa. Ina! Ko famfon tura ruwan ya ji matsi ya rage gudu da kansa, ruwan ya isa huhu a tsinke, ko jijiyar ta fashe hannu ya kumbura. Duka biyun ƙarshensu sakewa ne, na biyun ma har da jinyar hannu. Ana jin nauyin a sake huda mutum, na sani, musamman tsoho ko mai sikila da jijiyoyinsa suka gaji da allura. Amma huda ɗaya a gwiwar hannu da koriya ko mai ruwan hoda ta fi a maimaita hoto.

Sai abin da maza ba sa lura da shi. Ruwan nan in ya shiga, zafi yake bi ta jiki har mara, mace sai ta ji kamar fitsari ya kufce mata. In ba a gaya mata tun farko ba, kunya ce za ta kama ta, ta motsa, ta matse ƙafa, wata ma ta yunƙura za ta tashi, daidai lokacin da ake ɗauka. Ni nakan raɗa mata a kunne: "Za ki ji ɗumi kamar kin yi fitsari, ba ki yi ba, alwalarki na nan, minti ɗaya zai wuce." Kuma a duba fil ɗin hijabi, da sarƙa, da ƙarfen rigar mama, wasu har da laya a ƙirji. A sa mace ta taimaka mata a cire cikin sutura.

Baba Ƙofar Sauri:
Allah Ya yi miki albarka Sista. Wannan na alwala ba a littafi ake samunsa ba.

Autar Zaure:
Don Allah ina da tambaya, ni ɗaliba ce. A inda na yi aikin koyo, daƙiƙa kawai suke ƙirgawa bayan an fara tura ruwa sai su danna. Wannan ba daidai ba ne?

Abban Sadiƙ:
Ƙanwata, yana yi wa wasu, yana ƙi wa wasu. Mai lafiyayyar zuciya ruwa na isa jijiyar huhunsa cikin kamar daƙiƙa 10. Amma ba kowa ke zuwa da lafiyayyar zuciya ba. Shi ya sa ake ɗora 'yar da'ira a kan gangar jijiyar huhu, na'ura ta riƙa leƙawa, in ma'auni ya kai wajen 100 ta tashi da kanta. Ki tabbata dai a kan jijiyar huhu kika ɗora, ba awota ba, don suna maƙwabtaka, kuma ki zuba ido ki danna da hannu in da'irar ta goce saboda motsi.

Dakta Ummu Aisha:
Auta, riƙe wannan da kyau, don ya shafe mu nan arewa fiye da wurare da yawa. Raunin zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suke rubutu a kansa. Mai jego da ke haki, ƙafa a kumbure, tana iya zama gudan jini, tana iya zama zuciya, tana iya haɗa biyun. In zuciyar ce ta yi rauni, ruwa na tafiya a hankali, mai ƙirga daƙiƙa zai ɗauka kafin ya iso. Mai ciki kuma akasin haka: ruwan jininta ya ƙaru da kusan rabi, zuciya na aiki da sauri, kwantiras na tsinkewa ya wuce da wuri. Lissafi ɗaya ba zai yi wa su biyun ba. Shi ya sa nake roƙon likitoci su rubuta mana a takarda in an san zuciya na da matsala, ko su yi eko, wato hoton zuciya na sauti, tukuna in akwai hali.

Injiniya Gobarau:
Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, gyaran na'urorin nake yi, amma akwai abin da ke hannuna. Yawancin na'urorin nan da muryarsu suke zuwa, ta Turanci, kuma abin da take faɗa shi ne a ja numfashi a riƙe. Na sha tsayawa a ɗakin sarrafawa ina kallo: mai hoto ya gama yi wa dattijo bayani da Hausa, ya rufe ƙofa, sai ga muryar Baturiya daga cikin na'ura. Dattijo ya ɗago kai yana neman mai magana. Wanda ya ji Turanci kuma ya bi umarninta ya ja sosai, wato ya yi abin da Dakta ta hana. Da yawa daga cikin na'urorin suna ba da damar a naɗi sabuwar murya a liƙa ta da tsarin hoton jijiyar huhu kaɗai. In ba a yi haka ba, a kashe ta, mai hoto ya yi magana da bakinsa ta lasifika.

Biyu kuma na ɓangarenmu. Kada a fara tura ruwa ana tsakiyar sauyawa daga wutar gari zuwa janareta, a tambayi mai janareta tukuna. Na ga an yi asarar kwalba guda saboda haka. Sannan kwantiras in ya yi sanyi kauri yake yi, ga sanyin ɗakin siti ga hunturu, famfo ya yi ta kuka. Akwatin ɗumama shi zuwa zafin jiki, digiri 37, ba ado ba ne, a riƙa kunna shi.

Ɗan Kusugu:
Naɗin murya shawara ce mai kyau, amma ku tuna da mu na bakin iyaka. Daga Kwangwalam da Baure da Zango ana kawo Fulanin da Hausarsu kaɗan ce, musamman mata tsofaffi. A naɗi ta Fulatanci ma.

Ni dai abin da ya kawo ni daban ne. Ba ma'aikaci ba ne, ƙanena ne ya sa ni a zauren. Bara mahaifinmu ya yi wannan hoto a wani wuri, aka ba mu fim guda biyu a babbar ambulan da takardar sakamako. Da aka tura mu wani asibitin, likitan can ya ɗaga fim ya ce wannan ba zai ishe shi ba, a sake. Tsoho mai shekara 74, mun taso daga Daura ta Mashi da asuba, ga ciwon suga. Muka biya, aka sake. Har yau ban gane ba, na farkon bai yi kyau ba ne, ko kuwa kowane asibiti sai ya ci nasa?

Dakta Ummu Aisha:
Malam, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Ba zan yi hukunci a kan hoton da ban gani ba, amma ga abin da na sani. Wannan hoto yanka-yanka ne sirara, kaurin kowane wajen milimita 1, ƙirji guda na ba da ɗaruruwa. Fim kuwa 'yan kaɗan ake zaɓa a buga a kai. Likitan da ke neman gudan jini a reshe sai ya bi jijiyar a kwamfuta yanka bayan yanka. Don haka yana yiwuwa hoton farko lafiyarsa lau, yana nan kwance a kwamfutar inda aka yi shi, abin da aka ba ku ne bai isa ba. Da an kwafa muku shi cikakke a faifai ko filashi, mai yiwuwa da ba a sake ba. Duk wanda aka yi wa siti ya nemi faifansa kafin ya bar wurin, ya adana shi tare da katin asibiti. Mu kuma da ke karɓa, kafin mu ce a sake, mu ɗaga waya mu tambayi inda aka yi. Sau da yawa ɗan aike a mota ya fi sabon hoto sauƙi.

Ɗan Kusugu:
Wallahi babu wanda ya ce mana akwai wani faifai. Na gode ranki ya daɗe.

Likitan Dare:
Na ce zan dawo. Kun yi ta magana kan yadda za a gyara hoto, to bari in taɓa namu laifin kafin a taɓa mana. Akwai hotunan da tun farko bai kamata a rubuta ba. Ma'aunin Wels, na ƙiyasta yiwuwar gudan jini a huhu, yana nan sama da shekara ashirin: alamar gudan jini a ƙafa maki 3, in gudan jini ne zargi mafi ƙarfi maki 3, bugun zuciya sama da 100 maki 1.5, tiyata ko doguwar kwanciya a makonni huɗun baya 1.5, wanda ya taɓa yi 1.5, tarin jini 1, ciwon daji 1. Wanda bai wuce 4 ba, gwajin di-daima, gwajin jini mai nuna alamar gudan jini a jiki, ake fara yi, in ya fito ƙasa an gama, babu siti. Wanda ya haura shekara 50 kuma ana ninka shekarunsa sau 10 ya zama iyakar di-daimarsa, mai 70 iyakarsa 700 ke nan maimakon 500.

Amma ga inda nake da ja. A takarda abin da daɗi. A ƙasa, di-daima na tashi ga mai ciki, ga mai jego, ga mai sikila, ga wanda aka yi wa tiyata, ga mai zazzaɓi mai tsanani. Su wa ke cika mana ɗakin gaggawa in ba su ba? Tarin jini kuma a nan tarin tibi za ka fara tunani. Sannan da dare gwajin ba kullum ake samu ba. To in na tsaya tsakanin in rubuta hoton da wataƙila ba a bukata da in sallami mutum ya faɗi a gida, wallahi rubutawa zan yi, kuma ba zan ji kunya ba.

Anti Ungozoma:
Dakta, babu mai cewa ka sallami wanda zuciyarka ba ta kwanta da shi ba. Amma akwai tsani kafin siti. Mace mai ciki ko mai jego da ƙafa ɗaya ta kumbura, a fara da hoton dofla na ƙafar, wato hoton sauti mai nuna gudun jini a jijiya. Babu radiyeshan, babu kwantiras, kuɗinsa bai kai ba. In an ga gudan jini a cinya, maganin ɗaya ne da na huhu, a fara kawai. Hoton ƙirji na eksire ma yakan nuna namoniya ko ruwa ko zuciya ta buɗe, ka ga zance ya sauya.

Dakta Ummu Aisha:
Anti ta faɗi gaskiya. Kuma matsalar tashin di-daima da ka kawo, wasu sun yi aiki a kanta. Likitoci a Holan sun wallafa wani tsari a 2017 mai tambaya uku: akwai alamar gudan jini a ƙafa, akwai tarin jini, gudan jini ne zargi mafi ƙarfi? In duka a'a ne, iyakar di-daima ta koma 1000. A 2019 suka fitar da irinsa na masu ciki, inda ake fara duba ƙafa in tana da alama. Ba ya raba kowa da siti, amma yana raba wasu.

Likitan Dare:
A Turawa aka gwada, ba a masu maleriya da sikila ba.

Dakta Ummu Aisha:
Haka ne. Amma ka lura, maleriya da sikila ɗaga di-daima suke yi, ba sauke shi ba. Illarsu ita ce su sa ka tura mutum siti a banza. Wanda ya fito ƙasa duk da haka, kuma makinsa ƙasa, ya fi ba ni natsuwa.

Likitan Dare:
Zan yi tunani a kai. Ban ce na sauka duka ba. Mai sikila da ciwon ƙirji dai ba zan jingina da gwajin jini ba.

Dakta Ummu Aisha:
Nan kam ba mu da saɓani.

Autar Zaure:
Wai radiyeshan ɗin nawa ne har ake wannan damuwa? Wasu marasa lafiya tambaya suke yi, ni kuma in rasa amsa.

Abban Sadiƙ:
Ya danganta da na'ura da jikin mutum. A sababbin na'urori wajen milisibat (ma'aunin radiyeshan) 3 zuwa 5, tsofaffi na iya kaiwa 10. Abin da ɗan Adam ke samu daga ƙasa da iska da sararin sama a shekara guda, a matsakaicin duniya, 2.4 ne. Ki ga hoto ɗaya kamar na shekara ɗaya zuwa biyu ne a cikin daƙiƙu. In ana bukatarsa, amfaninsa ya rinjayi wannan nesa ba kusa ba, gudan jini a huhu kisa yake yi. Wanda ke ƙona rai shi ne na biyun da aka yi don na farko ya lalace, kuma a kan nonon mace mai shekara 22.

Akwai dabara da ke jifan tsuntsu biyu. Mutanenmu da yawa ba masu jiki ba ne. In kika sauke ƙarfin na'ura daga kilobolt 120 zuwa 100, ko 80 ga siriri, aidin ɗin da ke cikin ruwan ya fi haske a hoto, radiyeshan kuma ya ragu. Mai ƙiba ne kawai za ki bar wa 120, don in kin sauke masa hoton zai yi yashi. Ki bi bayan kwantiras da ruwan gishiri ya tura ragowar da ke hannu, hannuwa kuma a ɗaga su sama da kai.

Anti Ungozoma:
Tunda mai jego ce ta jawo zancen, don Allah a daina ce musu su yaye jariri kwana biyu bayan kwantiras. Abin da ke shiga nono bai kai kashi 1 cikin 100 ba, abin da cikin jariri ke tsotsa daga wannan ɗin ma bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Na ga jaririn da aka ɗora wa ruwan zafi da madarar gwangwani saboda wannan magana, ya dawo mana da gudawa. Ta ci gaba da shayarwa.

Baba Ƙofar Sauri:
Tambayata ga Dakta. In hoto ya riga ya ɓaci, dole ne a sake?

Dakta Ummu Aisha:
Ba dole ba ne Baba, kuma nan ne nake son a riƙa kiranmu mara lafiya na kan gado, kafin a cire kanula. Wani hoton bai yi kyau ba amma ga gudan jini ƙuru-ƙuru a babban reshe, an samu amsa, me za a sake? Wani ƙasan huhu kaɗai ya motsa, sai a sake wannan yankin da ɗan ruwa, ba ƙirji duka ba. Wani manyan rassa sun fito tas, zargin kuma dama ba mai ƙarfi ba ne, sai mu yi magana da likitansa a duba ƙafa a sa ido. In kuma sakewar ta zama dole, a fara sanin abin da ya ɓata na farko, in ba haka ba za a sake ɓata na biyu. A duba gwajin ƙoda: mai lafiyar ƙoda rabin ruwan na fita cikin kamar awa 2, amma wanda ma'aunin tacewar ƙodarsa a gwajin jini ya gaza 30, kwalba biyu a jere ba abin wasa ba ne.

Sai wata sakewar da ba a kawo ba. Mutum ya sha maganin tsinka jini wata 3, ya warke, yana zuwa gona, sai a turo shi "a duba ko gudan ya narke". Ba a bukata. In yana nan lafiya, hoto ba zai sauya komai ba. In har yanzu yana haki bayan wata 3 zuwa 6, eko ake fara yi a ga ko matsin jijiyar huhu ya hau, daga nan a san hoton da ya dace.

Likitan Dare:
Wannan na ƙarshen 'yan uwan mara lafiya ne ke matsawa. Sai su ce gani ya kori ji.

Ɗan Kusugu:
Gaskiya ne, mu ma mun so a yi wa Baba. Amma da likita ya zaunar da mu ya yi mana bayani kamar yadda Dakta ta yi yanzu, da mun haƙura. Kuɗin ma ba a ƙasa muke tsinta ba.

Abban Sadiƙ:
Na gode ƙwarai jama'a. Yau da safe na gwada a kan wani dattijo daga Batagarawa. Mun yi "tsaya" sau uku a kan benci, na kashe muryar na'ura na yi magana da bakina. Gangar jijiyar huhu ta haura 300, har ƙananan rassa sun fito. Mutum ɗaya ba hujja ba ne, don haka na buɗe littafi a ɗakinmu: duk hoton jijiyar huhu za mu rubuta lambar kanula da inda take, abin da aka ce wa mara lafiya, ma'aunin da aka samu, in an sake kuma mene ne dalili. Bayan wata 3 zan kawo muku abin da muka gani. Masu siti a sauran wurare, in za ku buɗe irinsa, sai mu haɗa.

Injiniya, yaushe za ka shigo mu naɗi muryar?

Injiniya Gobarau:
Alhamis bayan la'asar in Allah Ya kai mu, lokacin layi ya ragu. Ka nemi izinin shugaban sashe tukuna. A samo murya biyu, namiji da mace.

Sista Maman Hanifa:
Ta macen ni zan yi. Akwai wata ma'aikaciyarmu Bafulatana 'yar wajen Dutsi, zan taho da ita. Dakta, ki rubuto mana kalmomin daidai yadda kike so, kada mu ƙara ko mu rage.

Dakta Ummu Aisha:
Kafin ruwa: "Yi numfashi yadda ka saba, bar bakinka a buɗe." Lokacin ɗauka: "Tsaya haka. Kada ka ja." Bayan an gama: "To, ci gaba da numfashi." Ta tsakiyar kada ta wuce daƙiƙa 2, Sista, ruwan ba ya jira.

Anti Ungozoma:
Abban Sadiƙ, ya jikin mai jegon?

Abban Sadiƙ:
Na biyun ya nuna gudan jini a reshen dama na ƙasa. Tana kan allura, jiya na leƙa na tarar tana zaune tana shayarwa. Na ba mijin faifan da hannuna, na ce ya haɗa shi da katinta.